Mati Mai Wankin Hula da Taubashinsa

Duk wanda ya taɓa bin layin masu huluna a Babbar Kasuwar Katsina ya ga rumfar Mati, ko da bai san sunan mai ita ba. Ita ce wadda huluna ke jere a gabanta, an kifa kowace a kan katakonta tana shan rana. Shi kuwa yana daga ciki a kan ɗan benci, baho a gabansa, buroshi a hannu, kai a sunkuye. In ka yi sallama ya amsa a taƙaice, in ka miƙa hula ya juya ta ya duba bakinta, ya ajiye. Baƙi kan ɗauka girman kai ne, har wani ya tafi yana tsaki. Ba girman kai ba ne, i'ina ce ta yi masa katutu.

Da ita ya tashi a Ƙofar Durbi, irin mai tsananin nan da kalma kan tsaya wa mutum a maƙogwaro, sai ya runtse ido ya buga ƙafa kafin ta fito. A firamare babu wanda ya kai shi iya rubutu, amma duk ranar da malami ya ce ya miƙe ya karanta abin da ya rubuta, ranar ajin ya samu abin dariya. Da ya gama makarantar, mahaifinsa ya duba ya ga yaron nan ba zai iya ciniki ba, balle talla, sai ya kai shi wurin wani mai wankin hula, sana'ar da hannu ke yi baki yana hutawa. A nan ya girma, a nan ya tara abin da ya auri matarsa Asabe, a nan furfura ta same shi.

Mutum ɗaya ne a duniya yake kwaikwayon i'inar Mati a gabansa, Mati ya yi dariya. Shi ne Sammani, ɗan Gwaggo Dije, ƙanwar mahaifin Mati. Ɗan mace da ɗan namiji ke nan, taubasai, waɗanda al'ada ta halatta wa su ci fuskar juna tun daga yaye har kabari, kowa na cewa ɗan'uwansa bawansa ne, kuma ba a kai ƙara. Sammani baki gare shi kamar reza. Mati ba shi da bakin ramawa, amma yana da hannu: ya ɓoye masa takalmi a ƙofar masallaci, ya barbaɗa masa barkono a fura, ya dama wa hularsa sitaci har ta ƙi shiga kai. A tsakar gida ake yin wannan, ko a zaure, gaban mutanen da suka san cewa in Mati ya kwanta ciwo Sammani ne zai fara zuwa da kankana a leda.

A zamanin soja Mati bai ji ya rasa wani abu ba, don kowa ma bakinsa a ɗinke yake. Mai i'ina da mai zaƙin baki duk rediyo suke saurare su gyaɗa kai. Sai sojoji suka koma bariki, siyasa ta dawo, gari ya ɓarke da magana kamar an buɗe famfo. Manyan riguna suka fito daga akwati, kowane mai neman kansila sai ya tara huluna kala-kala, Mati ya samu aiki har yana mayar da wani. Sammani kuwa kakarsa ce ta yanke saƙa. Ya zama mai riƙe lasifika a wurin taro, yau ya wasa wannan, gobe ya wasa wanda ya kayar da shi, har wani daga cikinsu ya biya masa kujerar Makka.

Rumfar Mati ta zama majalisa, don duk wanda ya kawo hula sai ya zauna ya tofa albarkacin bakinsa a kan ciyaman da kansila da famfon da ba ya kawo ruwa. A nan ne Mati ya san abin da ya rasa. Yana da ra'ayi, kuma sau da yawa nasa ya fi na masu kumfar baki ma'ana, amma kafin ya fitar da kalmar farko zance ya sha kwana ya bar shi. Mafi ciwo su ne masu tausayin nan da ke ƙarasa masa magana. Zai fara, wani ya yi caraf ya cika masa da abin da bai taɓa nufi ba, sauran su ce ai kuwa gaskiyar Mati, a wuce. Shekaru ya yi ana yi masa wannan taimakon yana haɗiyewa.

Manyan wayoyi ne suka canza masa rayuwa. Ya sayi tasa don masu kawo huluna sun fara cewa a turo musu hoto su ga ko an gama. Ana nan sai Malam Mudassir, wani malamin sakandare na unguwarsu, ya buɗe zauren tattaunawa a waya, irin wanda ake ce wa guruf, ya zuba mutanen Ƙofar Durbi a ciki, na gida da waɗanda neman abinci ya kai Kaduna da Abuja da Ikko. Mati ya daɗe yana karantawa bai ce uffan ba. Wata rana da hantsi, huluna na shan rana, ya ga ana ta musu a kan lambatun bayan masallaci da ke cikewa duk damina ya mayar da ruwa cikin gidaje. Ya goge hannu a riga, ya rubuta inda toshewar take, da gidajen da ke zuba shara, da yadda za a raba aikin layi-layi ba sai an jira gwamnati ba.

Maganar ta fita ɗaya bayan ɗaya, ba inda ta tsaya. Babu wanda ya katse shi, babu wanda ya ƙarasa masa. Mutane suka karanta har ƙarshe suka ce madalla. Ranar Mati ya kasa cin tuwon rana don murna.

Daga nan in musu ya yi zafi sai ka ga wani ya rubuto, a jira mu ji ta bakin Malam Mati. Malam fa! Mutumin da aka saba kira da "kai, mai hula". Rabin 'yan zauren ba su taɓa jin muryarsa ba, abin da ya rubuta kawai suka sani, kuma da shi suka auna shi. Wannan zauren shi kaɗai ne wurin da ake jiran Mati ya gama magana, kuma ya riƙe shi da hannu bibbiyu. Da aka tsayar da shawarar yin gayyar kwashe lambatun kafin ruwa ya sauka, Malam Joseph, wani ma'aikacin gwamnati ɗan kudancin Kaduna da ya daɗe yana haya a unguwar, ya ce wanda ya kawo shawara shi ya fi dacewa ya jagoranci aikin. Aka amince ba gardama.

A daidai wannan lokacin ne aka sa Sammani a zauren.

Ya shigo ya tarar ana ta Malam Mati kaza, Malam Mati kaza. To me taubashi zai yi in ya ga ana ɗaga taubashinsa? Abin da ya saba yi tun suna tsallake kwata. Ya danna wurin ɗaukar murya, ya gyara maƙogwaro irin na taron siyasa, ya ce, "Jama'a a yi shiru, ga shugaban gayya zai gabatar da jawabi gaban ciyaman." Sai ya ɗauko rubutun Mati na lambatu, wannan da ya kasa cin tuwo a kansa, ya karanta shi da i'inar Mati, da nishin, da buga ƙafar, komai bai bari ba, don babu wanda ya san su kamarsa. Ya rufe da cewa, "Ranka shi daɗe, kahin ya ida jawabin ga damina ta wuce, kun ga an huta da kwasar lambatu."

Mati yana tsakiyar cuɗa wata hula zanna ya ji wayar na ta ƙara. Ya buɗe ya saurara, ya ji kansa. A ƙasa kuwa 'yan fuskokin dariyar nan masu hawaye ne ke ta zubowa. Wani ya rubuto, ashe haka shugaban namu yake? Wani ya ce, Allah ya ƙara wa kakakinmu fasaha. Wani daga Abuja, wanda ko hanyar rumfar bai sani ba, ya ce a taimaka a fara jawabin yau don a samu a gama kafin Sallah.

Malam Joseph ne kaɗai ya ce wannan bai dace ba, dattijo ne, kuma ba shi ya yi kansa ba. Nan take aka yi masa caa. Aka ce Malam Joseph kai ba ka san kan abin ba, ai taubasai ne, wasa ne na gado. Bawan Allah ya ba da haƙuri. Kuma a cikin masu kare al'adar nan babu wanda ya tsaya ya yi wa kansa tambaya ɗaya. Sammani dai taubashinsa ne, an ji. Su sauran da suka karɓi wasan suna juyawa fa, uwar wa ce ƙanwar uban Mati a cikinsu? Da wane haƙƙi? Wasan da ake yi a tsakar gida an ɗauko shi an zube a titi, kowane mara kunya ya tsinci rabonsa.

Malam Mudassir ya goge saƙon, ya rubuta doka cewa daga yau ban da gatse, ban da ba'a, wanda ya karya za a fitar da shi. Doka mai kyau, sai dai ihu ne bayan hari. Muryar ta riga ta tsallaka wasu wayoyin. 'Yan acaba suna kunna ta a inuwa, masu shayi suna kunna wa masu shan shayi.

Asabe ta je suna a wata unguwa can wajen hanyar Batagarawa, ta tarar mata sun yi da'ira a kan waya ɗaya suna riƙe ciki. Wata ta jawo ta, ta ce zo ki ji wani shugaban gayya. Ba su san matarsa ba ce. Ta tsaya ta ji har ƙarshe, ta ajiye kwanon da ta kawo, ta fito ko sallama ba ta yi ba. Da Mati ya dawo daga kasuwa ya same ta zaune a bakin murhu ba wuta.

"Malam," ta ce, "yau a gidan mutane na ji ana dariyarka, da ni a tsaye. Shekara nawa ina jiranka ka ida magana ban taɓa ƙosawa ba, sai wani ƙato ya maishe ka abin nishaɗin 'yan suna? Wallahi in ba ka yi magana ba ni za ni yi."

Washegari da la'asar Mati ya tafi wurin Gwaggo Dije, don ita ce babbar da ta rage musu. Ya durƙusa ya gaishe ta, ta tambayi Asabe da yara da kasuwa. Sannan ya fara faɗin abin da ya kawo shi. Ransa a ɓace, i'inar ta ninku, yana ta fama da sunan Sammani. Ita ma ba ta jira shi ba.

"Kai Mati, ka ji kunya," ta ce tana dariya. "Ƙarar taubashi ka kawo mani? Wa ya taɓa yin haka a gidan ga? Mi ya yi maka da bai saba yi ba? In ya yi maka, ka rama mana. Namiji da hushi da abokin wasa, ai sai a yi maka dariya."

Ai dariyar ake yi, Gwaggo. Bai iya faɗa ba, ya yi mata sallama ya fito. Wannan ne ya fi ƙona masa rai a duk lamarin. An ci mutuncinsa a gaban gari, sannan an ce ba shi da ikon yin fushi. Limamin unguwa ma da ya ji, murmushi ya yi ya ce a yi haƙuri, zumunci ne.

To, a rama. Mati ya zauna a rumfa ya ɗauki waya, kuma a fagen rubutu Sammani ba sa'ansa ba ne. Ya san shekarun da Sammani ya kai yana fitsarin kwance. Ya san ranar da aka yi ruwan duwatsu a wurin taro ya yar da lasifika ya faɗa gidan matan aure ya ɓuya a bayan randa. Ya san gidan da aka mayar masa da kayan neman aure da dalilin mayarwar. Ya jera su tsaf, kowace jimla da dafinta, har shi kansa ya ji daɗin yadda ta zauna. Yatsansa na kan wurin turawa sai ya tuna 'ya'yan Sammani mata, waɗanda yake saya wa alawa tun suna rarrafe, babbar ma an sa mata rana. Ya san abin da garin zai yi da wannan rubutun, don ya gani a kansa. Ya goge shi tas, ya jefa wayar cikin aljihu, ya kama wata hula ya dinga cuɗa har zarenta ya fara tashi.

Ya gwada komawa zauren kamar ba abin da ya faru. Ya rubuta ranar da za a fito gayya da kayan aikin da kowane layi zai kawo. Saboda dokar Malam Mudassir babu wanda ya yi ba'a a fili, sai aka koma yi da ladabi. Wani ya ce, godiya muke shugaba, amma da za a taimaka mana da murya da mun fi fahimta. Wani ya ce, kai, Malam Mati akwai iya magana. Ka kama wa? Kowa zai rantse yabo ya yi. Mati ya gane cewa yanzu ko me ya rubuta, da muryar Sammani suke karanta shi.

Sammani bai san girman abin da ya yi ba sai ranar da ya zo rumfar ya tarar da wani matashi mai sayar da takalma ya tsaya a gaban Mati yana buga ƙafa yana runtse ido, abokansa na shewa. Sammani ya ci kwalarsa, ya ce uban wa ya ba ka izini? Matashin ya fizge rigarsa ya ce, "Haba Alhaji, ai a wurinka muka koya." Mati bai ɗago kai daga bahonsa ba.

Da yamma Sammani ya sake tura murya a zauren. Wannan karon ba wasa a ciki, muryarsa har rawa take. Ya ce ya yi kuskure, Mati ɗan'uwansa ne na jini, ya fi shi hankali da mutunci, don Allah duk mai saƙon nan ya goge. Kun san abin da jama'a suka yi? Dariya. Suka ɗauka sabon salo ne. Wani ya ce Sammani ba ka da dama, har da muryar kuka! Wani ya ce muna jiran kashi na gaba. Mutumin da ya saba da gatse, ranar da ya zo da gaskiya babu mai saye. Mati ya karanta wannan ma, sannan ya danna ya fita daga zauren. Ranar gayya ya fito da shebur ɗinsa kamar kowa, ya shiga lambatu ya kwashi rabonsa na taɓo, Malam Mudassir ne ya yi ta ba da umarni.

Bayan 'yan kwanaki Sammani ya zo kasuwa da hula a hannu, wadda ko datti ba ta yi ba. Ya tsaya a bakin rumfa ya ɗaga murya yadda ya saba, sai dai idonsa na kan fuskar Mati.

"Ina bawan gidanmu? Taso ka amshi hular ubangidanka."

Mati ya ajiye buroshi. Ya ɗauraye hannu, ya miƙe, ya kakkaɓe benci da gefen rigarsa, ya matsar da shi. Sannan ya ɗan rusuna, irin rusunawar da ake yi wa baƙon da ake ganin girmansa.

"Sannu da zuwa, Alhaji," ya ce. "Bismilla, ga wuri."

Tun da Sammani ya dawo daga Makka Mati bai taɓa ce masa Alhaji ba. Sammani ya yi 'yar dariya, ya ce, "Kai, wane iskanci ne wanga kuma?"

"Ina wuni, Alhaji. Ina gajiya. Ya iyali? Ya jikin Gwaggo?"

Gaisuwar ta fito da ƙyar, kalma na maƙalewa, ƙafa na bugun ƙasa. Sammani ya tsaya ƙiƙam yana jira, bai kwaikwaya ba, bai ƙarasa masa ba. Ya amsa da lafiya lau a sanyaye, kamar wanda aka yi wa gaisuwar mutuwa. Ya gwada wata hanyar. Ya zagi rumfar, ya zagi sitacin, ya ce hulunan duk warin kwata suke. Mati ya ce Allah ya huci zuciyar Alhaji, za a gyara.

Sammani ya zauna a kan bencin, hular a cinyarsa. Maƙwabtan rumfa suna kallo, don duk wanda ya san al'ada ya san abin da ake yi a gabansa. Ana iya zagin taubashi, ana iya kwashe masa takalmi, ana iya kunyata shi ranar aurensa. Abu ɗaya ne ba a yi masa, shi ne ladabi.

"Mati," Sammani ya ce a hankali, "na ba ka haƙuri gaban kowa."

Mati ya daɗe yana kokawa da abin da zai faɗa, jijiyoyin wuyansa sun tashi. Babu wanda ya motsa har ya fitar da maganar.

"Wuri guda gare ni da ake bari in ida magana. Ka bi ni can ka amshe."

"To ka rama! Ka zage ni, don girman Allah. Ka watsa mani ruwan bahon ga. Ka yi mani komi."

"Subhanallahi, Alhaji," in ji Mati. "Ni wa?"

Ya sa hannu biyu ya karɓi hular, ya ajiye ta a layin hulunan sauran masu kawo wanki, ya koma kan bahonsa.

"A gaida mutan gida," ya ce.